Sabuwar mota da hunturun Kanada: ina ya kamata kuɗin kariya ya tafi?

Abban Sadiq (Otawa): Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhamdu lillahi, Allah ya hore mini na ɗauko sabuwar Toyota RAV4 dal. To wajen sa hannu a takardu, mutumin ofishin dila ya zaunar da ni ya jero mini wasu ƙarin abubuwa, ya ce duk mai son motarsa ta fita hunturu lafiya sai da su. Akwai wani ɗan akwatin lantarki da ake haɗawa da batir wai yana hana tsatsa, akwai baƙin feshi mai kauri da za a yi wa ƙarƙashin motar, sai wani shafi da ake yi wa fenti ya riƙa sheƙi. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara. Ga shi muna Oktoba, sanyi ya fara leƙowa. Wanne ne na gaske, wanne ne cin kuɗi? Ni abin da ya fi damuna fentin gaba ne, don ina ganin motoci a babbar hanyar 417 bonet ɗinsu duk ya zama kamar an yi masa zanzana.

Maman Hanifa (Montiriyal): Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya sa a kashe lafiya, ya tsare hanya.

Ɗan Damagaram (Kwibek): Barka da arziki! Sai mun zo shan ƙamshi.

Baba Direba (Kalgari): Allah ya sanya alheri, yaro. Amma ka jero abu uku ban ji ka ambaci taya ba. Tayar hunturu ka saya?

Abban Sadiq (Otawa): Amin Baba, na gode. Ai sababbin tayoyi ne a jikinta, kuma motar ƙafa huɗu take ja. Na ɗauka wannan ya wadatar.

Baba Direba (Kalgari): Bai wadatar ba. Jan ƙafa huɗu tashi yake taimaka maka, ba tsayawa ba. In ka taka birki a kan ƙanƙara, da mai jan ƙafa biyu da mai jan huɗu duk tayoyi huɗu ne suke riƙe su. Tayar da ta zo da motar robarta sandarewa take yi da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ita kuwa ta hunturu an haɗa ta ne don ta zauna da laushi, ga ƙananan tsage-tsage a jikinta da suke kama santsi. Duba gefen taya za ka ga hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, wannan ita ce shaidar. Ka sayi guda huɗu, kada wani ya ce maka biyu na gaba sun isa, bayan motar ne zai juyo da kai. Duk shafin da za ka yi wa fenti, ranar da ka zame ka rungumi ƙarfen gefen hanya ya tashi a banza.

Maman Hanifa (Montiriyal): Mu nan Kwibek ma ba zaɓi ba ne. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris doka ce, duk motar da ke da rajistar lardin sai ta sa. Ku na Ontariyo ba a tilasta muku ba, ko ka tsallaka Gatino, garin Kwibek da ke tsallaken kogi da ku, da lambar Ontariyo ba za a kama ka ba, amma tun 2016 aka wajabta wa kamfanonin inshora na can su riƙa yin ragi ga wanda ya sa. Ka kira naka ka gaya musu, ba za su neme ka da kansu ba. Kuma ka nemi layi wajen masu sauya taya tun yanzu. Ranar da dusar farko ta zubo kowa zai tuna, sai ka ji an ce maka sai bayan mako biyu.

Injiniya (Hamilton): Abban Sadiq, bari in ɗauki abubuwan nan uku da aka jero maka, don aikina a kan ƙarfe ne.

Akwatin lantarkin nan ka bar musu kayansu. Dabarar da suke jingina da ita gaskiya ce a wurinta, da ita ake kare jiragen ruwa da bututun mai da ke binne a ƙasa. Amma can ƙarfen yana nutse ne cikin ruwa ko danshin ƙasa, wutar tana da hanyar zagayawa ta ko'ina a jikinsa. Mota kuwa a iska take, a kan roba. Ɗan digon ruwan gishiri, gishirin nan da ake zuba wa titi don ƙanƙara ta narke, da ya maƙale a cikin lungun ƙofa ba shi da wata hanya da zai haɗu da akwatin da ke kusa da batir.

Baƙin feshi mai kauri shi ne na fi jin tsoro. Ranar da aka yi shi kyakkyawa ne, ƙarƙashin mota ya yi baƙi wuluk. Bayan shekara biyu ko uku sai ya bushe ya tsattsage, tsakuwa ta fasa shi nan da can, ruwan gishiri ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Ƙarfen yana ruɓewa a ciki, kai kana leƙawa kana ganin baƙi kana jin daɗi. Sai ranar da bakanike ya sa sukuddireba ya ɓamɓaro wani yanki, ka ga abin da ke ƙasa.

Abin da ke aiki a nan shi ne feshin mai marar kauri da ake maimaitawa duk shekara, irin na Krown ko Rust Check, ko kuma Fluid Film da ake yi da maiƙon gashin tumaki. Shi ba ya bushewa, yana bin haɗin ƙarfe yana kutsawa inda ido ba ya kaiwa, yana korar ruwa. Tsatsar da ke kashe mota ba daga saman fenti take farawa ba, daga cikin ƙofofi ne, da ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, da bakin madagadi, da bututun birki da na mai. Illarsa, motar za ta yi kwana biyu tana ɗiga, kada ka ajiye ta a dandamalin maƙwabci, kuma ƙura za ta riƙa mannewa a ƙasan ƙofofi.

Shafin sheƙi kuwa ba ƙarya ba ne, yana sa ruwa da datti su zame, wanki ya yi sauƙi. Amma sirantarsa ba ta kai ta gashin kai ba. Tsakuwar da ta taso daga tayar tirela ana gudun 100 ba ta san da zamansa ba.

Malam na Winifeg: Injiniya, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Motocin yanzu ba irin na da ba ne. Ƙarfen jikinsu an lulluɓe shi da sinadarin zink tun daga masana'anta, an tsoma gangar jikin cikin maganin tsatsa kafin fenti, kuma akwai garanti. Me zai sa mutum ya kai sabuwar mota a huda mata ƙofofi da sunan feshi? Ni a ganina huda fentin da kamfani ya rufe shi ne ma buɗe wa tsatsa ƙofa.

Injiniya (Hamilton): Malam, maganarku a kan gangar jiki haka take, an samu ci gaba sosai. Amma ku duba takardar garantin. Yawanci shekara biyar ce, kuma abin da ta ɗauka shi ne tsatsar da ta ci ƙarfe daga ciki har ta huda shi. Ba ruwanta da tabon tsakuwa, ba ruwanta da kusoshin da suka cije, ba ruwanta da bututun birki bayan garantin farko ya ƙare. Kuma tsatsa ba ta cika huda mota a cikin shekara biyar ba, a ta takwas ko ta goma take nuna kanta, lokacin ba mai sauraronka. Kada ku manta a 2016 Toyota da kanta ta amince da sasanci a Amurka da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4 saboda shasin Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta ci. Ba ƙaramin kamfani ba ne, gishiri ne ba ya jin suna. Batun huji kuwa, mutum yana iya cewa kada a huda, a bi ta ramukan da kamfani ya riga ya bari masu murfin roba. Zai ɗan rage inda man zai kai, amma hankalinsa zai kwanta.

Malam na Winifeg: To ai tawa ta daɗe ban taɓa fesa mata komai ba, kuma lafiyarta ƙalau.

Baba Direba (Kalgari): Malam, kai kana Winifeg ne. Gishirin hanya in sanyi ya wuce kamar 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya ragu sosai, shi ya sa ku can yashi aka fi zuba muku a tsakiyar hunturu. Kuma motarka daskarewa take yi ta zauna a daskare, tsatsa ba ta gudu a cikin irin wannan sanyi. Su Ontariyo da Kwibek yau ya narke gobe ya daskare, motar kullum cikin jiƙaƙƙen gishiri take. Ba ƙasa ɗaya kuke ba ta wannan fannin. Mu nan Kalgari namu bala'in tsakuwa ce, ita ake haɗawa da gishiri a watsa a titi. Ka tsaya a kowace danja ka ƙirga gilasan gaba da suka tsage, za ka gaji.

Malam na Winifeg: Wannan kam gaskiya ne. Amma har yanzu ina ganin wanda zai sayar da mota bayan shekara huɗu asarar kuɗi yake yi.

Injiniya (Hamilton): A nan mun haɗu. Abban Sadiq, saye ka yi ko haya ce ta shekara uku ko huɗu da za ka mayar? In mayarwa za ka yi, bar feshin.

Abban Sadiq (Otawa): Saye ne Yallaɓai, kuma niyyata in riƙe ta har sai ta gaji.

Ɗan Damagaram (Kwibek): Biya ɗaya ka yi ko bashin banki? Don maganar kuɗin ruwan nan har yau ban samu gamsasshiyar amsa ba.

Shugaban Zaure: Ɗan Damagaram, wannan muhawarar mun yi ta har ta gaji, tana nan a ajiye. Mu tsaya a kan mota don Allah.

Alhaji Mai Motoci (Kano): Ni ina gefe ina karatu, amma bari in sa baki, don mu ne muke karɓar abin da kuka gama da shi. Motar da ta fito daga wajenku ko arewacin Amurka, ta sauka Kwatano ko Legas, in ka gan ta daga sama sai ka rantse ba ta taɓa taka ƙasa ba. Fenti lafiya, kujeru lafiya, ƙamshi. Ni ba na duba wannan. Kwali nake shimfiɗawa in kwanta da tocila. Sai ka ga salansa ta yi ja tana ɓarewa, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yana zubar da ɓawo in ka ƙwanƙwasa, kusoshi sun kumbura ba su da kai. Bakanikenmu ya zo sauya shokozoba, aikin awa ɗaya, sai ya wuni da wutar walda yana gasa kusa ɗaya. Motar da ta fito daga jihohin zafi irin su Tekzas kuwa ƙarƙashinta fes. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne a wurin wanda ya sani. Don haka ƙanena, ka ji maganar Injiniya.

Abban Sadiq (Otawa): Na ji Alhaji, Allah ya ƙara girma. To amma fentin gaban fa? Har yanzu ba wanda ya ba ni mafita.

Baba Direba (Kalgari): Mafitarsa leda ce. Akwai wata leda mai kauri, garau, da ake mannawa a bonet da bamba da bayan madubai. Kamfanin 3M ne ya fara yin irinta don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam, daga baya ta shigo motoci. Yanzu akwai XPEL da SunTek da sauransu. Kaurinta wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ita ke shanye dukan tsakuwar. Ƙananan ƙarce kuma in rana ta buga ta ko aka zuba ruwan ɗumi sai su shafe da kansu. Nan garin da wuya ka ga wanda ya sayi sabuwar mota bai kai an manna mata ba. In za ka yi, ka yi yanzu tun fentin bai samu tabo ba, don abin da ke ƙarƙashinta haka za ta rufe shi ya zauna. Kuma aikin hannu ne, ka je ka ga motar da mutum ya gama da idonka, ka duba bakin ledar ko ya naɗe shi ciki ko ya bar shi a fili yana tara datti.

Maman Hanifa (Montiriyal): Baba ku yi haƙuri, ni dai ina ganin tsadarta ta yi yawa. Kuɗin rufe gaban mota gaba ɗaya ya kusa sayen tayoyin hunturu. RAV4 ce fa, motar kai yara makaranta da zuwa kasuwa. Ɗan kwalbar fenti mai lambar kalar motar, wadda ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ya ishe shi. Duk tabon da ya gani ya goge ya ɗiga masa kafin ya yi ja.

Baba Direba (Kalgari): Hajiya, ke cikin gari kike yawo. In yana hawa babbar hanya kullum, lissafin daban ne.

Abban Sadiq (Otawa): Kullum nake hawa Baba, daga Kanata zuwa tsakiyar gari.

Injiniya (Hamilton): To ga tsari a ganina. Taya tukuna, sannan feshin mai, in kuɗi ya ragu a yi ledar, ko da bamba da rabin bonet ne. Rabin yana barin ɗan layi da ake gani in mota ta yi datti, musamman fara, sai ka san da wannan. Sannan wanki, wanda shi ne mafi arha kuma shi aka fi sakaci da shi. Yanzu ba gishirin gari kawai ake zubawa ba, ana fesa ruwansa a titi tun kafin dusar ta sauko, wani lokaci da sinadarin kalsiyam ko magniziyam a ciki. Waɗannan suna jawo danshi daga iska, ko motar ta bushe a ido, abin da ya manne a ƙasa yana nan a jiƙe. Ka riƙa shiga wurin wankin da ke watsa ruwa ta ƙarƙashi, ranar da sanyi ya sassauta ya kusa sifili. Ka zaɓi wanda ba ya taɓa mota da burushi, don burushin ya sha yashin motocin da suka riga ka. Da ka fito ka goge robobin ƙofa da tsumma, in ba haka ba gobe da asuba ƙofar ba za ta buɗu ba.

Wani abu kuma da mutane ba sa so su ji: gareji mai ɗumi yana hanzarta tsatsa. Ka shigo da mota ɗauke da laka mai gishiri, ta narke, ta kwana a jiƙe cikin ɗumi, kowane dare. Wadda ta kwana a waje a daskare ta fi ta zaman lafiya ta wannan ɓangaren.

Ɗan Damagaram (Kwibek): Kai Injiniya! Wato mu da muke fakin a titi muna haƙa mota da shebur kowace safiya, ashe gata aka yi mana.

Malam na Winifeg: Tunda an bar ni da sanyi, bari in faɗi nawa. Ɗabi'un gida guda biyu ka bar su a gida. Na ɗaya zuba ruwan famfo a lagireto. Ruwa in ya daskare ƙaruwa yake yi da kusan kashi 9 cikin ɗari, yana iya fasa injin kansa. Wanda ya zo da motar haɗin ruwa da maganin hana daskarewa ne, na Toyota a nan Kanada yana jure har wajen 42 ƙasa da sifili, kada ka tsarma shi. Na biyu watsa wa gilashi ruwan zafi don ƙanƙara ta narke. In akwai ɗan tabon tsakuwa a jiki, nan take zai ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. Tabo ƙarami ana cike shi da wani danƙo cikin rabin awa, ka kai da wuri. Ruwan wanke gilashi ma ka zuba mai jure 40 ƙasa da sifili, ka ajiye galan ɗaya a but, don ranar da titi ya jiƙe da gishiri kana iya ƙarar da tanki a tafiya ɗaya, kuma tuƙi da farin gilashi makanta ce. Iskar taya tana raguwa da kusan awo ɗaya (psi) duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 ko 6, in fitilar gargaɗin iskar taya ta kama da safe ba lallai faci ba ne.

Maman Hanifa (Montiriyal): A ƙara da shimfiɗar ƙafa ta roba mai baki, don gishirin takalmi yana barin farin tabo a kafet, ruwan kuma yana ratsawa har ƙarfen ƙasa. Amma ka cire ta kamfani kafin ka sa, kada ka ɗora ɗaya kan ɗaya, tana iya zamewa ta danne totur. Kuma don Allah a daina tayar da mota a bar ta tana ɗumi da makulli a ciki a koma shan shayi. Irin motarka tana cikin waɗanda ɓarayi suka fi nema a Ontariyo da nan, ta tashar jiragen ruwan garinmu ake fitar da su a kwantena, an gano wasu har a Gana da Najeriya.

Alhaji Mai Motoci (Kano): Hajiya, ni dai da takarda nake saye, kada a kalle ni.

Baba Direba (Kalgari): Alhaji mun shaide ka. Yaro, saura abu ɗaya da ba a saye da kuɗi: tazara. Ni da nake tuƙa babbar mota ina kallon ƙananan motoci a madubi sun manne mini a baya, duk abin da tayoyina suka kwasa a fuskarsu yake sauka. Ka ja baya sosai daga tirela da tifa, motar share dusar ƙanƙara kuwa kada ma ka yi tunanin wuce ta, gishiri take watsawa kuma hanyar da ke gabanta ta fi ta bayanta muni. Sannan wajen Maris in narkewa ta fara, ramuka za su buɗe, ruwa ya rufe su ba ka san zurfinsu ba. Shi ya sa nake cewa tayar hunturun ka ɗora ta a kan rim na ƙarfe daban, in motar ta yarda ka rage girmansa da inci ɗaya, robar ta fi tsayi ta shanye duka. Na ƙarfe in ya lanƙwashe ana buga shi ko a sauya da arha, na alminiyam tsagewa yake yi.

Abban Sadiq (Otawa): Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kira dila na ce a bar duka ukun. Gobe zan nemi tayoyin da rim ɗinsu, in kama layin feshin mai kafin a fara zuba gishiri. Ledar zan je in ji farashi tukuna. Tambaya ta ƙarshe: tayoyin da zan cire ina zan kai su? Gidan bene nake, ba ni da sito.

Ɗan Damagaram (Kwibek): Yawancin shagunan taya suna ajiyewa, ka biya na kaka ɗaya. Ka tambaya tun kafin a ɗaura, don wurin ajiyarsu yana cika. Ka sa su rubuta wa kowace taya gefen da aka cire ta da alli, saboda a juya su in an zo mayarwa a Afrilu.